Hali Zanen Dutse: Darasi Daga Wuraren da Ke Ɗauke da Sunan Istifanus

Karatun Littafi Mai Tsarki: Ayyukan Manzanni 6:1-15, 7:44-60, 8:1-4

Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:7

Manufar darasi: Mu fahimci dalilin da ya sa ake sa wa majami'u da wurare sunan Istifanus, mu kuma gane irin abin tunawa da Ruhu Mai Tsarki yake so ya gina a cikinmu.

Gabatarwa

Idan wata hidima ta taɓa ɗauke ka daga Wudil zuwa Sabon Gari a Kano, mai yiwuwa ka bi ta New Road ka ga allon cocin Anglikan na St. Stephen. A Bompai akwai na St. George. Idan ka zarce Zariya, akwai wani St. George ɗin a Sabon Gari, a Wusasa kuma akwai St. Bartholomew, wanda aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausawa a 1929. Duk sunayen nan uku na mutanen da ikilisiya take tunawa da su ne a matsayin waɗanda suka ba da ransu saboda sunan Yesu. Bartalamawas ɗaya ne daga cikin manzanni goma sha biyu. George, bisa ga abin da ikilisiya ta gada, soja ne da aka kashe a tsanantawar da Romawa suka yi wa masu bi wajen shekara ta 303. Stephen kuwa shi ne Istifanus ɗinmu na Ayyukan Manzanni, wanda ya fara shan wannan ƙoƙo bayan Ubangijinsa.

Mu a ikilisiyarmu ba mu saba sa wa majami'a sunan mutum ba. Saboda haka wani yakan wuce irin wannan allo ya ce a ransa al'adar 'yan Adam ce kawai, babu abin koyo. Wani kuma yakan ruɗe, ya yi ta tambaya ko akwai wata albarka a cikin sunan da mu muka rasa. Amma sunan Istifanus ba baƙo ba ne a gidajenmu. Da wuya ka shiga taron masu bi a ƙasar Hausa ba ka sami mai wannan suna ba. Hausawa suna cewa suna linzami ne. To, ina wannan linzami yake jan mu? Abin da za mu bincika ke nan a wannan darasi.

1. Mutumin da ke bayan sunan

Kafin mu dubi gine-gine, sai mu dubi mai sunan. Luka bai fara nuna mana Istifanus a kan bagadi yana wa'azi ba. Ya fara nuna mana shi ne a wurin rabon abinci.

Ikilisiyar Urushalima ta yi yawa, sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana ƙyale gwaurayensu mata a rabon abinci na yau da kullum, ana fifita na Ibraniyawa. Matsala ce ta harshe da asali, ta 'yan gida da 'yan zuwa. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma ce a rufe maganar don kada a ji kunya ba. Suka ce wa jama'a su zaɓi mutum bakwai waɗanda ake yabon halinsu, cike da Ruhu da hikima. Ka lura da abu guda: duk mutum bakwai ɗin da aka zaɓa sunayen Helenanci ne da su, na ƙarshensu ma, Nikolas mutumin Antakiya, asalinsa ba Bayahude ba ne. Wato ikilisiya ta danƙa tukunyar a hannun mutanen da ɓangaren da ya yi kuka zai iya amincewa da su.

A cikin babi na 6 da na 7 Luka ya yi ta maimaita cewa Istifanus cike yake: da bangaskiya, da Ruhu Mai Tsarki, da alheri, da iko. Ya yi alamu da al'ajibai a cikin jama'a. Da masu gardama suka kasa tsayawa gaban hikimarsa, sai suka nemo shaidun zur, suka kai shi gaban Majalisa da zargin cewa yana ɓata Haikali da Shari'ar Musa. Amsar da ya bayar ita ce jawabi mafi tsawo a duk littafin Ayyukan Manzanni. A ƙarshenta aka ja shi bayan gari aka jajjefe shi da duwatsu har ya mutu.

Sunansa a Helenanci yana nufin kambi, irin wanda ake ɗora wa wanda ya ci tsere. Dubi alkawarin da Ubangiji ya yi wa ikilisiyar Simirna a Wahayin Yahaya 2:10. Haka kuma kalmar da Bulus ya kira shi da ita a Ayyukan Manzanni 22:20 asalin ma'anarta mai ba da shaida. Daga baya ne kalmar ta zama sunan wanda aka kashe saboda bangaskiya. Harshenmu ya riƙe wannan dangantaka: shaida, mashaidi, shahada, shahidi, duk tushensu ɗaya. Istifanus mashaidi ne tun kafin ya zama shahidi. Jininsa hatimi ne a kan shaidar da ya riga ya bayar da rayuwarsa.

2. Yadda sunan ya bazu a duniya

Littafi Mai Tsarki bai faɗi ta wace ƙofa aka fitar da Istifanus ba, bai kuma faɗi inda kabarinsa yake ba. Ya dai ce waɗansu masu tsoron Allah suka binne shi, suka yi masa makoki ƙwarai. Shi ya sa har yau wurare biyu ne a Urushalima suke ɗauke da labarin. A gabashin tsohon birni akwai ƙofar da ake kira Ƙofar Zakoki, wadda Kiristoci da yawa suke kira Ƙofar Istifanus. Ginin ƙofar da ake gani yanzu na zamanin Sarki Sulaiman na daular Turkawa ne, a ƙarni na 16. Amma tsohon labari ya fi karkata ga arewacin birnin, wajen Ƙofar Dimashƙu. A can ne sarauniya Yudokiya ta gina babbar majami'a da sunansa, aka keɓe ta a shekara ta 460. An rushe ta a yaƙin Farisawa na 614, aka sāke gina wata a kan kufanta, aka keɓe ta a 1900.

Abin da ya fi yaɗa sunan ya faru ne a shekara ta 415. Wani firist mai suna Lushiyan ya ce an nuna masa kabarin Istifanus cikin mafarki, a wani ƙauye da ake kira Kafar Gamala. Aka tono ƙasusuwan da aka samu aka kai Urushalima. Daga nan aka riƙa gutsura ana kaiwa ƙasashe, duk inda suka sauka kuma sai a gina wurin tunawa. Waɗansu sun iso har Arewacin Afirka, zuwa birnin Hippo, wato Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, inda shahararren malamin nan Agustin yake bishop.

Daga wancan zamani sunan bai daina tafiya ba. A birnin Roma akwai wata majami'a mai siffar da'ira da aka keɓe da sunansa a ƙarni na 5. A Biyana, babban birnin Ostiriya, babbar majami'ar gari sunansa take ɗauke da shi. An keɓe ginin farko a 1147, hasumiyarta kuma ta kai tsawon mita 136. A Faransa akwai birni guda mai suna Saint-Étienne, wanda masu kallon ƙwallo suka san ƙungiyarsa; Étienne ɗin nan shi ne Istifanus a Faransanci. A Landan, majalisar wakilan Ingila ta yi kusan shekara 300 tana zama a cikin wani ɗakin sujada mai sunan Istifanus, har gobarar 1834 ta cinye shi. A Habasha akwai tsohon gidan sufaye na Istifanos a bakin tafkin Hayk. A arewa maso yammacin Iran, ƙasar da galibin mutanenta Musulmi ne, akwai wani na Armeniyawa kusa da garin Jolfa, ana kuma kula da shi a matsayin kayan tarihi na duniya. Ranar 26 ga Disamba ma, kashegarin Kirsimeti, ikilisiyoyi da yawa sun keɓe ta don tunawa da shi.

A ƙasarmu, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da ke ɗauke da sunan ita ce babbar majami'ar St. Stephen ta garin Bonny a Jihar Ribas, inda Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kafa aikin bishara a shekarun 1860. A garin ne a 1875 aka kashe wani sabon mai bi, Joshua Hart, don ya ƙi cin abin da aka yanka wa gumaka. A wurin masu bin Bonny na wancan lokaci, sunan Istifanus ba ado ba ne a jikin bango. Labarin abin da suke gani da idonsu ne.

3. Abin da shi kansa ya ce game da gine-gine

Ga wani abin mamaki, ɗan'uwa. Mutumin nan da aka cika duniya da gine-gine da sunansa, maganar gini tana cikin abin da ya jawo mutuwarsa.

Sāke karanta babi na 7 a hankali, ka riƙa lura da wuraren da yake ambata. Allah ya bayyana ga Ibrahim tun yana Mesofotamiya, ƙasar masu bautar gumaka. Allah yana tare da Yusufu a Masar, cikin bauta da kurkuku. Allah ya yi magana da Musa a jejin Sina'i daga cikin kurmi mai ci da wuta, ya kuma kira wannan fili tsattsarka, alhali babu bango babu rufi. Isra'ilawa sun yi sujada a alfarwar da ake naɗewa a ɗauka. Sai daga baya Sulemanu ya gina ɗaki. A aya ta 48 zuwa ta 50 Istifanus ya kai ga maganar da ta ƙona zukatan masu sauraronsa: Maɗaukaki ba ya zama a ɗakin da hannun mutum ya gina. Ba sabuwar koyarwa ya kawo ba, annabi Ishaya ya riga ya faɗa a babi na 66, Sulemanu kansa ma ya faɗa a ranar keɓe Haikali (1 Sarakuna 8:27).

Istifanus bai ce gini mugun abu ne ba. Abin da ya tsauta a kai shi ne mutum ya riƙe ɗakin Allah hannu bibbiyu alhali yana ƙin Ruhun Allah. Shugabannin suna da Haikali, suna da sunayen Ibrahim da Musa a bakinsu, amma halin waɗanda suka tsananta wa annabawa ne a zuciyarsu. Ubangiji Yesu ya yi irin wannan faɗakarwa a Matiyu 23:29-31 game da masu gyara kaburburan annabawa suna yi musu ado.

Wannan ya ba mu ma'aunin da za mu auna kowane allo da shi. Tunawa da bayin Allah da suka riga mu umarni ne. Ayar haddacewarmu ta ce mu tuna da su, mu dubi ƙarshen zamansu, mu yi koyi da bangaskiyarsu. Abin da ba a ba mu ba shi ne mu yi addu'a gare su, ko mu nemi taimako a ƙasusuwansu, gama matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane (1 Timoti 2:5). Agustin da muka ambata, ko da yake ya karɓi al'adar girmama kayan shahidai wadda mu ba mu bi ba, ya sha gaya wa jama'arsa cewa ba a miƙa hadaya ga shahidi, sai ga Allahn shahidin.

Kada kuma mu yi saurin nuna wasu da yatsa. Mu ba mu rubuta sunan waliyyi a ƙofar majami'a ba, amma hoton bawan Allah yana manne a motarmu, a ƙofar shagonmu, a kalandar ɗakinmu. Idan zuciyarka ta fi samun kwanciya da takardar da ka liƙa a gilashin mota fiye da sunan Yesu, ka faɗa ramin da kake yi wa wani dariya a kansa. Mai bin da yake sujada a ƙarƙashin allon St. Stephen yana dogara ga Almasihu kaɗai ɗan'uwanka ne.

Akwai kuma ta'aziyya a nan. Ka san yadda samun filin gina majami'a yake da wuya a wannan yanki namu. Masu bi da yawa suna sujada a ɗakin haya, a rumfar kwano, ko a inuwar itace a ƙauye. Idan ka ga hoton hasumiyar Biyana, kada ka raina wurin da kake durƙusawa. Allahn da ya tsarkake fili a jeji saboda yana wurin, yana nan a rumfarku idan kun taru cikin sunan Ɗansa.

4. Abin da masu zane suka gani

Masu zanen Turai na dā suna da alamar da suke sa wa kowane shahidi don a gane shi, gama yawancin masu kallo ba su iya karatu ba. Istifanus akan zana shi saurayi ne sanye da rigar dikon, riƙe da ganyen dabino alamar nasara, da duwatsu a hannunsa ko a kansa da kafaɗarsa. Wato abin da aka kashe shi da shi ya zama lambar da ake gane shi da ita.

Akwai wani zane da ya kamata ka san labarinsa. A 1625 wani saurayi ɗan ƙasar Holan mai suna Rembrandt, yana da shekara 19, ya zana jifan Istifanus. Yana cikin zanensa na farko-farko da aka sani, yana kuma ajiye a gidan kayan tarihi na birnin Liyon a Faransa. Ya raba hoton biyu: gefe ɗaya duhu, gefe ɗaya haske yana sauka a kan Istifanus da ke durƙushe. Maza sun kewaye shi, hannuwansu a sama riƙe da duwatsu. Can baya ga Shawulu zaune da rigunan masu jifa a cinyarsa. A tsakiyar taron kuma, dab da masu jifan, akwai wata fuska da masana suka ce ta mai zanen ce da kansa. Bai ɗora fuskarsa a kan shahidin ba. Ya sa kansa ne a cikin taron.

Mu idan muka karanta labarin nan, nan da nan mukan ɗauki kanmu a matsayin Istifanus. Amma mutum nawa ne a wurin a ranar? Mai shan jifa ɗaya ne. Sauran kuwa akwai masu jifa, akwai shaidun zur, akwai mai tsaron riguna wanda bai ɗaga dutse ba amma ya yarda, akwai 'yan kallo. Ka taɓa yaɗa maganar da ba ka tabbatar ba a kan wani ɗan'uwa ko wani maƙwabci, a baki ko ta WhatsApp? Ka taɓa yin shiru ana cin naman wani a gabanka, kana jin daɗi a ciki? To, ka riƙe riguna. Kafin ka roƙi kambin Istifanus, ka roƙi Ruhu ya nuna maka inda fuskarka take a cikin hoton.

5. Abin tunawa da Allah ya gina

Mutane sun gina wa Istifanus hasumiyoyi. Allah kuma ya gina masa nasa abin tunawa, amma da duwatsu masu rai (1 Bitrus 2:5).

Sa'ad da fushin Majalisa ya kai maƙura, Istifanus cike da Ruhu Mai Tsarki ya ɗaga ido sama ya ga Yesu tsaye dama ga Allah. A wurare da yawa Nassi yana nuna mana Ubangiji a zaune. A nan ya gan shi tsaye. Duwatsu suna sauka, ya yi addu'a biyu. Ta farko ya miƙa ruhunsa ga Ubangiji Yesu. Ta biyu, ya durƙusa ya ɗaga murya ya roƙa kada a ɗora wa masu kashe shi wannan zunubi. Kwatanta su da addu'o'in Ubangiji a kan gicciye a Luka 23:34 da 23:46. Almajiri ya mutu irin mutuwar Malaminsa. Wannan ba ƙarfin hali na ɗan Adam ba ne. Ruhun da ya ba shi alamu da al'ajibai shi ne ya ba shi bakin gafara.

Dubi abin da ya biyo baya. Tsanantawa ta warwatsa masu bi, su kuwa suka tafi suna shelar Maganar. Filibus, abokin aikinsa a rabon abinci, ya kai bishara Samariya, ya kuma yi wa ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma. Ayyukan Manzanni 11:19-26 ya nuna cewa waɗanda suka warwatse saboda Istifanus sun kai har Finikiya da Kubrus da Antakiya, a Antakiya kuma aka fara kiran almajirai Kirista. Sunan da kake amsawa yau ya fito ne daga ikilisiyar da wannan guguwa ta haifa.

Sai kuma saurayin nan mai tsaron riguna. Shawulu ya zama Bulus manzo. Bayan shekaru da yawa bai manta da ranar ba, ya ambace ta da bakinsa a gaban jama'ar Urushalima (22:20). A babi na 21 aya ta 8 akwai wata 'yar magana da akan wuce ba a lura ba: da Bulus ya isa Kaisariya, a gidan Filibus ya sauka, Luka kuma ya tuna mana cewa Filibus ɗin nan ɗaya ne daga cikin bakwai ɗin. Ka yi tunani. Mutumin da ya yarda da kisan abokinka, wanda ya sa ka bar garinku da gudu, yau shi ne kake shimfiɗa wa tabarma, 'ya'yanka mata suna kawo masa ruwa. Babu majami'ar da ta kai wannan ɗaki kyau a cikin duk abin da ke tuna mana da Istifanus.

6. Mu a nan Wudil

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan darasi ba labarin nesa ba ne. Akwai waɗanda suke cikinmu da ba su manta da abin da ya faru a Kano a watan Oktoba na 1991 ba. Akwai masu tuna harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a watan Afrilu na 2012, da bama-baman Sabon Gari na 2013. Maƙwabtanmu Musulmi su ma sun binne nasu, kamar a harin babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamba na 2014. Akwai kuma raunukan da ba a bugawa a jarida: wanda danginsa suka juya masa baya, wanda aka daina saye a shagonsa, yarinyar da ake yi wa habaici a hanyar makaranta. Me Istifanus yake koya mana?

Na farko, cikar Ruhu tana farawa a wurin tukunya. Ikilisiyarmu ta haɗa Hausawa 'yan ƙasa daga ƙauyukan da ke kewaye, da 'yan kasuwa daga kudu, da ɗaliban jami'a, da waɗanda makarantar horar da 'yan sanda ta kawo daga kowane sashe na ƙasar nan. Wasu da Hausa suke addu'a, wasu da Turanci. Idan ana rabon hatsi ko kuɗin taimako, gwauruwar wa ake tunawa, ta wa ake mantawa? Zumuntar mata da dikinoni, wannan tambayarku ce. Wanda ba a iya ba shi amanar mudun gero ba, kada ya yi mafarkin kambi.

Na biyu, gafara ba ta hana kuka, ba ta kuma hana hankali. Masu tsoron Allah sun yi makoki mai zafi, Nassi bai tsauta musu ba. Masu bi sun gudu daga Urushalima, ba a kira su matsorata ba, gama Ubangiji ya riga ya ba da wannan izini a Matiyu 10:23. Bulus ya nemi haƙƙinsa a gaban hukuma sa'ad da ake shirin yi masa bulala ba bisa doka ba. Kai ma kana iya kai ƙara, kana iya neman adalci. Abin da aka hana ka shi ne ramuwa, da ajiye ƙiyayya a zuci, da shayar da 'ya'yanka ita. Wanda aka jefa, idan ya tsince duwatsun ya tara a ɗaki yana jiran rana, ya riga ya koma cikin taron masu jifa.

Na uku, ba a neman shahada da tsokana. Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da amsa game da begenmu, amma da tawali'u da ladabi, kada kuma wani ya sha wuya a kan laifin kansa (1 Bitrus 3:15-16, 4:15). Zagin abin da wani yake girmamawa ba shaida ba ne. Shaidarka ta yau da kullum ita ce mudunka ya cika, cinikinka a kasuwar Juma'a ya zama babu algus, ka biya bashi a kan lokaci, ka je gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa a gidan maƙwabci. Majalisa ta dubi fuskar Istifanus ta gan ta kamar ta mala'ika tun kafin ya buɗe baki. Me unguwarku take gani a fuskarka?

Na huɗu, kada ka yanke ƙauna a kan kowa. Da an tambayi masu bin Urushalima wane ne ba zai taɓa tuba ba, da Shawulu za su fara ambata. Istifanus bai ga amsar addu'arsa da idonsa ba. Mai yiwuwa kai ma ba za ka gani ba. Amma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Hausawa suna cewa hali zanen dutse ne. Majami'ar Yudokiya ta rushe, ɗakin sujadar Landan ya ƙone, kowane allo kuma wata rana zai yi tsatsa. Halin da Ruhu Mai Tsarki ya zana a cikin Istifanus kuwa har yau ana karanta shi. Wannan Ruhu shi ne aka zubo maka. Ba shi wuri ya yi zanensa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin tunawa da bawan Allah da ya rasu da dogara gare shi? Waɗanne abubuwa ne a cikin al'adarmu za su iya ƙetare wannan iyaka?
2. Me ya sa manzanni suka nemi cikar Ruhu a kan aikin rabon abinci? Akwai wanda ake mantawa da shi a ikilisiyarmu saboda harshe ko asali?
3. Ta waɗanne hanyoyi ne mai bi yake iya riƙe wa masu jifa riguna ba tare da ya ɗaga dutse ba?
4. Yaya za ka bayyana wa ɗanka bambanci tsakanin neman adalci da ramuwa?

Aikin mako

Rubuta sunan mutum ɗaya da ya cuce ka, ka riƙa ambatonsa a gaban Allah kowace rana har kwana bakwai, kana roƙa masa jinƙai da ceto. Ka kuma ziyarci gwauruwa ɗaya wadda ba ƙabilarku ɗaya ba, kada ka je hannu wofi.

Abubuwan addu'a

1. Gode wa Allah saboda waɗanda suka riƙe bangaskiya har ƙarshe, har bishara ta iso gare mu.
2. Roƙi sabuwar cika ta Ruhu Mai Tsarki, mai kawo iko tare da hali.
3. Roƙi Ubangiji ya tumɓuke kowace saiwar ɗaci daga zuciyarka da gidanka.
4. Yi addu'a domin zaman lafiya a Wudil da Jihar Kano, domin masu mulki, da maƙwabtanmu duka.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka saboda bawanka Istifanus. Ka cika mu da Ruhun da ka cika shi da shi. Ka sa mu zama amintattu a ƙaramin aiki, masu gaskiya a gaban manya, masu gafara a ranar wuya. Idan mun taɓa tsayawa cikin masu jifa, ka gafarta mana. Ka buɗe idanunmu mu ga Yesu a damanka, ka gina mu mu zama mazauninka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.